Wa Ke da Ikon Yafe Jinin Uban Marayu? Nazarin Wani Lamari a Bauchi

Marigayin ɗan kasuwar hatsi ne, shekarunsa sun ɗan haura 40. Rumfarsa na kasuwar Muda Lawal a cikin garin Bauchi, amma rabin sana'ar a hanya yake yin ta: ya bi kasuwannin ƙauyukan da ke gefen titin Gombe, ya auni masara da wake da dawa, ya sa a loda a mota, shi kuma ya biyo baya a kan babur. Ran da abin ya faru ya taso daga wajejen Alkaleri bayan ya sallaci magariba. Bai kai Dindima ba ya afka wa bayan wata tirela da ta lalace aka bar ta a kan kwalta. Ko da aka iso da shi asibiti a Bauchi, rai ya yi halinsa. Washegari da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Ya bar mahaifiya tsohuwa, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu, babbansu ko sakandare bai gama ba. Yana kuma da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun rasuwar mahaifinsu shi ne babban gida. Ba zan kama sunan kowa ba. Zan riƙa kiransu yadda yaran ke kiransu: Baffa, wan marigayin, Kawu, wan matarsa, da Inna, kakarsu ta wajen uba.

Takardar da aka sa wa hannu

Rana ta biyu ta zaman makoki sai ga tawaga: wakilin mai motar, da wasu shugabannin direbobi, da wani dattijo da aka ɗauko musamman domin sun yi samartaka tare da Baffa. Suka sauke buhun shinkafa biyu da katan ɗin sukari, suka miƙa ambulan a yi wa mamaci sadaka. Aka yi addu'a aka shafa. Wakilin ya fara ba da haƙuri ke nan, Baffa ya ɗaga masa hannu.

"Kwana ne ya ƙare, Alhaji. Ko a kan gadonsa yake sai ya tafi. Mun bar wa Allah."

Duk wanda ke kan tabarmar nan ya ce madalla, an yi halin girma. Bayan sadakar uku Baffa ya je ofishin 'yan sanda ya sa hannu a wata 'yar takarda, cewa iyalan marigayi ba su da sauran magana. Aka saki direba, aka gyara mota, ta kama gabanta.

Kada a ɗauki Baffa mugun mutum. Ko kwabo bai taɓa ba a cikin ambulan ɗin, yadda aka ba shi haka ya aika da ita cikin gida. Abin da ya ga iyayensa na yi shi ya yi, kuma yana da hujjar da kowa ya amince da ita a ranar: motar a tsaye take, shi ya je ya same ta. Wa za ka kama? A wurin yawancinmu mai laifi shi ne wanda ya taho a guje ya banke ka. Wanda ya ajiye tirela guda a kan hanya cikin duhu ya tafi neman makanike kuwa, shi ma tsautsayi ne ya rutsa da shi.

Matar tana ɗaki. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, kuma a gidajenmu mai takaba ba ta leƙowa zaure ta ji abin da maza ke yankewa. Labarin yafiyar ma a bakin mata masu zuwa gaisuwa ta tsince shi. Ta faɗa daga baya cewa ko da an tambaye ta a makon nan "to" za ta ce, domin ba ta san tana da wani abin da za ta yafe ba.

Tambayar liman

Talauci ne ya tono maganar. Kafin ta fita takaba hatsin rumfa ya ƙare a biyan bashi, don yawancin jarin na mutane ne. Babur sai 'yan gwangwan aka sayar wa. Mai gida ya aiko a kan kuɗin haya, makaranta ta koro yara biyu. Baffa na aiko da ɗan abin da ya samu, amma shi ma mata biyu gare shi da tasa rundunar. Kawu malamin firamare ne, albashinsa ba ya ganin ƙarshen wata. Shi ya je wurin limamin unguwarsu, wani malami mai karantar da Risala da Muwaɗɗa bayan asuba, don ya roƙi a sa yaran cikin waɗanda za a riƙa tunawa da su lokacin zakka.

Malam ya sa ya ba shi labarin tun daga farko. Da ya zo kan yafiya sai ya tsayar da shi.

"Wa ya yafe?"

"Wansa ne, Allah gafarta Malam."

"Marigayin ba shi da ɗa namiji?"

"Yana da biyu."

"To ai wan nasa ko gado ba ya ci a nan. Me ya mallaka da zai yafe?"

Bayanin da Malam ya yi masa shi ne ƙashin bayan wannan lamari gaba ɗaya. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ce wanda ya kashe mumini bisa kuskure, akwai diyya da za a miƙa wa iyalan mamacin, sai fa in sun yi sadaka da ita. Diyya dukiya ce, kuma rabon gado ake yi mata kamar sauran abin da mamaci ya bari. A gidan nan, in aka kasa ta kashi 24, matar na da 3, wato tumuni. Mahaifiya na da 4, wato sudusi. Ragowar 17 na yara ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ɗan'uwa ba shi da komai, domin ɗa namiji ya katange shi. Baligi mai hankali yana iya yafe nasa kason. Kason yaro ƙarami kuwa, ko waliyyinsa na halak ba shi da ikon yin kyauta da shi, don aikin waliyyi tsare dukiyar maraya ne. Ke nan mutumin da ba shi da ko kashi ɗaya a cikin 24 shi ya yafe duka 24 ɗin, 17 daga ciki na marayu, jama'a kuma suka sa masa albarka.

Kawu ya kawo hujjar da aka kafa a zaman makoki, cewa motar ai a tsaye take. Malam ya ce rijiya ma ba ta bin kowa da gudu. Imamu Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a hanyar Musulmi, ko ya ɗaure dabba a inda bai halatta masa ba, abin da ya halaka ta dalilin haka yana wuyansa. Abin dubawa shi ne ko an bar motar a inda ya dace, kuma ko an yi abin da ya kamata don masu wucewa su gan ta.

Malam bai ce a tafi kotu ba. Cewa ya yi a fara da Baffa. Zaman bai yi daɗi ba ko kaɗan.

"Malam, so kake in koma in ce wa mutane na lashe amaina? Kuɗin jinin ƙanena za mu zauna mu ci?"

Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa: wance za ta sayar da gawar mijinta, danginta ne ke zuga ta, ba su yarda da ƙaddara ba. Wannan gorin na ƙarshe shi ya fi yi wa matar ciwo, kuma shi ya fi rashin tushe. Littafin da ya koya mana cewa ajali ba ya jinkiri shi ne ya wajabta diyya, kuma bai ga karo tsakanin biyun ba. Mun mai da yafiya ma'aunin imani ne kawai domin mai yafewar galibi ba shi zai kwana da yaran da yunwa ba.

Abin da lauya ya tarar

Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, kuma dokarta ta 2011 ta ba ta damar tsaya wa marasa ƙarfi a ƙarar neman diyyar haɗari. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma takan tallafa wa zawarawa. Kawu dai wurin wani tsohon ɗalibinsa ya nufa, lauya mai zaman kansa. Suka yi yarjejeniya a rubuce: iyali za su biya kuɗin shigar da takardu kawai, shi kuma zai ɗauki wani kaso in an samu wani abu. Rubuta wannan tun farko ya hana rigima daga baya.

Farkon abin da lauyan ya warware musu shi ne shari'a biyu ce ke fita daga haɗari irin wannan. Ɗaya ta laifi, tsakanin hukuma da direba; wannan ta mutu a aikace tun ran da aka saki mota. Ɗayar ta neman diyya ce, ta iyali, kuma ba ta jiran a ɗaure kowa. Nauyin hujja ma ya bambanta. A shari'ar laifi sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, a ta diyya kuwa ya isa alƙali ya ga labarinka ya rinjayi na abokin shari'arka.

Dokar da ya dogara da ita ita ce ta haɗurran da suka jawo asarar rai, wadda jihohin Arewa suka gada daga dokar tsohuwar Jihar Arewa ta 1956. Asalinta wata doka ce da aka yi a Ingila a 1846. Kafin nan a can, in ka ji wa mutum rauni zai iya ƙararka, in ka kashe shi kuwa ƙarar ta bi shi kabari. Dokar ta ba iyalin da mamaci ke ciyarwa damar neman abin da suka rasa. Wani abin da ya ba Kawu mamaki shi ne, in mamacin Musulmi ne, iyalin da dokar ke nufi su ne waɗanda ke da rabo a diyyar kisan kuskure a shari'ar Musulunci. Wato jerin da liman ya lissafa a zaure shi ne jerin da lauya ya rubuta a takardar ƙara, kuma sunan Baffa ba ya cikin ko wanne. Takardar da ya sa wa hannu ba ta ɗaure matar ba, ba ta ɗaure yaran ba, tunda shi ba magaji ba ne, ba kuma kotu ce ta naɗa shi mai kula da dukiyar mamacin ba.

Akwai wa'adin shigar da irin wannan ƙara, wanda in ya wuce kotu ba za ta saurare ka ba ko da gaskiyarka ta kai ina. Su ba su makara ba, domin motar ta 'yan kasuwa ce. Da ta wata hukumar gwamnati ce, dokar kare jami'an gwamnati a ƙa'ida wata 3 kacal ta bayar. A lissafa da kyau: kafin mace ta fita takaba ƙofa ta riga ta rufe. Duk gidan da ke cewa a bari sai an share hawaye tukuna ya kamata ya san wannan.

Lauyan ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha da sunan matar, a madadin kanta da 'ya'yanta da mahaifiyar marigayi. Ya haɗa direba da kamfanin da ya ɗauke shi aiki, domin doka na ɗora wa ubangida alhakin sakacin da yaronsa ya yi a bakin aiki. Direban tirela ba shi da abin da zai biya, mai motar ne ke da shi. Nan take kuma ya aika wa kamfanin inshorar motar sanarwa a rubuce, don in ba a sanar da su a kan lokaci ba suna iya zamewa daga biyan abin da kotu ta yanke.

Neman hujja bayan wata biyar

Nan aka sha wuya. Ba a yi binciken gawa ba, kamar yadda aka saba, an yi gaggawar sutura. Abin da ya cece su wata 'yar takarda ce da asibiti ya bayar, mai nuna an kawo shi babu rai da raunuka a kai da ƙirji sanadiyyar haɗarin hanya. A aljihun rigar da Baffa ya sa ranar aka same ta, ta sha wanki sau ɗaya amma tana karantuwa. Da ita aka karɓo takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A fayil ɗin 'yan sanda akwai zanen wurin haɗari, kuma jami'an kiyaye haɗurra na FRSC da suka ɗauko shi sun rubuta rahotonsu. Abin da babu shi ne rahoton jami'in duba lafiyar motoci, tunda an saki tirelar kafin a duba fitilunta. Wannan giɓin takardar yafiya ce ta jawo shi, kuma ba a iya cike shi ba har ƙarshe.

Kawu da lauya suka je wurin da kansu. Akwai wani mai shayi a bakin titin, ɗan tazara kaɗan da inda abin ya faru. Da farko ya ƙi magana, yana tsoron a riƙa jansa kotu yana barin tebur. Sai da Kawu ya zauna ya sha shayi ya gaya masa shekarun yaran ɗaya bayan ɗaya, sannan ya buɗe baki. Ya ce motar tun jiya da rana take wurin, rabinta a kan kwalta. Yaron motar ya karyo rassan dalbejiya ya jera a baya, amma kafin yamma ta biyu motoci sun tattake su, awaki sun ja sauran. Babu alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, babu fitila ko ɗaya a kunne, direba ya tafi gari neman kayan gyara, yaron motar kuma a wurinsa yake zaune yana cin biredi lokacin da suka ji ƙarar. Wata mota ce ta taho daga Bauchi da cikakkiyar fitila, ta dallare wa mai babur ido.

Wani ƙanen mai shayin ya ɗauki bidiyo da waya a daren, kamar yadda yara ke yi yanzu. Ɗabi'a ce da ba na so, ɗaukar hoton wanda ke kwance cikin jini maimakon a taimake shi. Amma a cikin bidiyon nan mai rawa, hasken tocila ya faɗa kan bayan tirelar: baƙi ƙirin da laka, ba sitika mai ƙyalli, ga lambar mota ɓaro-ɓaro, ga tayoyin baya a kan kwalta.

Lambar ta kai su ga wani sabon ruɗani. Sunan da ke kan rajistar motar na wani ne da ya sayar da ita tuntuni ba a sauya takardu ba. Sai da lauya ya bi ta Hukumar Rajistar Kamfanoni da takardun dakon kaya kafin ya tabbatar da kamfanin da ke juya ta. Inshora kuwa sun taki sa'a, ta gaske ce. Ya duba lambar a rumbun bayanan inshora na ƙasa ta fito. Ba ƙaramar sa'a ba ce, domin takardun bogi sun yi yawa a hannun direbobi, ana sayensu ne don a nuna a shingen 'yan sanda. Da ta bogi ce, sai dai a bi dukiyar mai motar kai tsaye, aikin da ke iya cin shekaru. Mutane da yawa na zaton inshorar dole ta motoci gyaran mota kawai take biya. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 ga ƙaramar motar gida, da iyakar naira miliyan 3 ga ɓarnar dukiya. Wannan iyaka ta dukiya ce. Asarar rai da raunin jiki ba a yanka musu iyaka irin wannan ba.

Sai abin da marigayin ke samu. Ɗan kasuwar hatsi ba shi da takardar albashi. Matar ta fito da littafinsa na bashi, irin na 'yan makaranta mai bango ja, wani shafi da ajami wani da boko, buhu kaza ga wane, saura kaza. Aka haɗa da bayanan asusunsa na banki, da rasiɗan makarantar yara, da shaidar wani dattijo a cikin 'yan hatsi da ya san yawan buhunan da yake juyarwa a kaka da bazara.

Lissafi da ciniki

Kawu ya shigo maganar da adadin diyya a ransa. A mazhabar Malikiyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari 1,000 kilo 4.25 ne na zinariya, wanda a farashin 'yan shekarun nan ya haura naira miliyan 100 nesa ba kusa ba. Lauya ya gaya masa gaskiya tun da wuri: Babbar Kotu ba da wannan ma'auni za ta auna ba. Tambayarta ita ce, nawa mamacin ke kashewa a kan iyalinsa, kuma shekara nawa ake sa ran da zai ci gaba da yi? Ba ta biyan kuɗin baƙin ciki.

Iyalin ba sa son a faɗi adadin da aka tsaya a kai, don haka ga misali kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce mutum na samun naira 150,000 a wata, yana kashe 50,000 a kan kansa. Abin da iyali suka rasa 100,000 ne a wata, miliyan 1.2 a shekara. Ba za a ninka da duk shekarun da suka rage masa na aiki ba, sai a rage, saboda kuɗin a dunƙule za a ba da su, kuma ciwo ko karayar jari na iya samun kowa. In aka ninka da 12, an samu miliyan 14.4. Daga nan a cire kason laifin shi mamacin, in yana da shi.

Nan lauyoyin kamfani suka kafa ƙafa. Ba ya sanye da hular kwano. Yana gudu. Da yana tafiya daidai hasken fitilarsa da ya ga motar ya taka birki. Maganar hular gaskiya ce, ba wanda ya musa, kuma raunin kai ne ya kashe shi. A doka irin wannan sakaci na mamaci ba ya rushe ƙara, rage kuɗin yake yi gwargwadon laifinsa. Lauyan iyali ya san za a rage, su ma sun san bidiyo da mai shayi za su yi musu illa a gaban alƙali. Bayan an ɗage zama sau da yawa, wani don lauyansu bai zo ba, wani don kotu na hutu, sai kamfanin inshora ya nemi a zauna a sasanta.

Kawu ya so a ci gaba har hukunci. Matar ce ta ce a karɓa. Ta ce ita ke ganin yaran kullum, kuma ko an ci nasara suna iya ɗaukaka ƙara a ƙara wasu shekaru. A ganina ita ce ta fi su gaskiya, ko da yake abin da aka karɓa bai kai abin da lauya ya nema ba, balle ya kusanci diyya.

Maganar Inna

Ana tsakiyar ciniki lauyan kamfani ya tuno da cewa ran da tawagarsu ta je gaisuwa an shigar da wakilinsu wurin mahaifiyar marigayi, kuma da bakinta ta ce ta yafe. Ita magajiya ce, baliga, mai hankali. Kawu ya ga sudusi guda zai tafi, ya ba da shawarar a je a lallashe ta ta ce nufinta ta bar wa jikoki. Lauyan iyali ya ƙi a sa mata magana a baki, ya ce zai je ya tambaye ta da kansa, a gaban Baffa.

Ya same ta a kan buzu da carbi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata bayani dalla-dalla: tana da kashi 4 cikin 24, tana iya karɓa, tana iya ba jikokinta, tana iya barin wa masu motar.

"Ɗan nan, ni na riga na faɗa a gaban Allah na yafe, ba na komawa. Amma nawa na yafe. Na yaran nan ban san da shi ba, kuma ba ni na ba su ba balle in hana su."

Sannan ta juya ga Baffa ta ce ya daina fushi da mutane a kan abin da ba nasa ba. Aka cire kasonta daga jimillar. Yara sun yi asarar kuɗin da da sun amfane su, amma yafiyar Inna ita kaɗai ce sahihiya a duk lamarin, don ta san abin da take da shi kafin ta bar shi. Daga ranar kuma gorin unguwa ya fara lafawa. Da wuya a ci gaba da cewa an sayar da gawa alhali uwar da ta haife shi ta ce a karɓa wa yara.

Rabo

Lauya bai yarda a tsaya a kan alkawarin baki ba. An rubuta sharuɗɗan sulhu aka kai gaban alƙali, ya mai da su hukuncin kotu, ta yadda in aka saɓa za a iya tilasta biya ba sai an sake sabuwar shari'a ba. Wannan ya yi rana, domin kashi biyu aka yi biyan, kuma na biyun sai da lauya ya rubuta cewa zai nemi kotu ta riƙe asusun bankinsu kafin ya fito.

Bayan an cire kason lauya da kuɗaɗen da Kawu ya ranto, aka kai ragowar kotun shari'ar Musulunci ta raba. Matar ta karɓi nata ta ja jari, tana sayar da hatsi a gida ta hannun abokan mijinta na kasuwa. Kason yara ne aka yi doguwar muhawara a kai. Wasu dangi sun so a ba wani ɗan kasuwa ya riƙa juyawa. Alƙali ya ƙi, ya ce ya ga ƙarshen irin wannan juyi sau da yawa. Aka sayi ɗan gida mai ɗaki uku a bayan gari da sunan yaran huɗu, aka rubuta kason kowa a takardar, suka tashi daga haya. Abin da ya saura aka zuba a asusun da ba a cire komai sai da sa hannun mutum biyu, ɗaya daga dangin uwa ɗaya daga dangin uba.

Alƙali ya ce Baffa ne ya dace ya wakilci dangin uba. Baffa ya ƙi, ya ce ba ya taɓa kuɗin nan. Sai da liman ya je gidansa ya nuna masa cewa tsare dukiyar marayun ɗan'uwansa nauyi ne da ke kansa ko ya so ko bai so ba, sannan ya karɓa. Yanzu duk farkon zango shi da Kawu kan haɗu a banki su cire kuɗin makaranta, kowa ya riƙe kwafin rasiɗi. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su, kuma har yau Baffa na nan a kan cewa da an bar maganar yadda ya yanke ta da ya fi.